Tsohuwar bindiga a shagon jingina: in saya ko in haƙura?

Baban Ilham, Houston

Assalamu alaikum 'yan'uwa, musamman mazauna jihar Texas ta Amurka. Shawara nake nema, kuma bayanin zai ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri da ni.

Shekarata bakwai a Houston, wajen Alief. Babbar mota nake ja, ina kai kaya Dallas da San Antonio, wani lokaci har Laredo, don haka a mako nakan yi kwana biyu ko uku ba na gida. Gidan daga maiɗakina sai yara uku, babbar shekararta tara, autan bai cika uku ba. Makonni uku da suka wuce, daren Laraba wajen ƙarfe biyu, wasu suka doki ƙofar bayan maƙwabcinmu da ƙafa har ta buɗe. Mutumin aikin dare yake yi, matarsa ce kaɗai a ciki da jariri. Allah ya taimaka ƙararrawar gidan ta ɗauki kuka, suka ranta a na kare. Da gari ya waye na je na ga ƙofar da idona. Katakon ya tsage tun daga wajen makulli har ƙasa, ƙusoshin da ke riƙe da ƙarfen kuwa ba su kai tsawon gaɓar yatsana ɗaya ba. Tun daga ranar, in ina kan hanya da dare, waya ta yi ƙara sai gabana ya faɗi.

Ban taɓa riƙe bindiga ba. Iyakar sanina da ita a Zariya shi ne adakar 'yan bindigar hawan sallah, da hayaƙinta da warin albarushi. Amma na yanke shawarar in ajiye guda a gida, kuma duk wanda na tambaya a wurin aiki sai ya ce mini shotgan, doguwar bindiga mai watsa ƙwayoyin dalma, irin wadda ake jan hannunta baya a tura gaba, wato fam akshin. Kuɗin da zan iya fitarwa gaba ɗaya dala 600 ne, ba na son in taɓa na haya ko na aike gida.

Ranar Asabar na zaga shagunan jingina uku. A na farko na ga Remington 870 Express, geji 12 (ma'aunin faɗin bututu ke nan), bututunta inci 28, da ɗigo-ɗigon tsatsa a gefe, dala 290. A na biyu akwai Mossberg 500, ita ma geji 12, gajeren bututu, mai shagon ya ce daga wani kamfanin masu gadi ta fito, ƙotar ta goge sosai, dala 270. A na uku na ga wata baƙa wuluk mai kamar ta sojoji, sunan kamfanin ban taɓa jin sa ba, an jera mata ƙarafuna da madubi da mariƙi ta ko'ina, dala 220. Gaskiya ita ta fi ɗaukar mini ido. Sannan akwai wani a wurin aikinmu da ya ce zai ba ni tasa a dala 150, mu haɗu a wurin ajiye motoci, ba cike takarda ba komai.

To, ni girin kad gare ni, wato katin izinin zama na dindindin, ban zama ɗan ƙasa ba tukuna. Doka ta yarda in saya? In na ɗauki Remington ɗin, zan iya sa zarto in rage bututun, tunda inci 28 ba za ta juyu a lungun gidanmu ba? Me ake dubawa a tsohuwar bindiga kafin a biya? Kuma cikin kayan da ake ɗora mata, wanne ne dole, wanne ne ado?

Kawu na Katy

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya tsare mana iyali. Shekara ashirin da shida ke nan ina Texas, kuma duk watan Satumba ina fita harbin kurciya, don haka abin da zan faɗa maka daga hannu ne.

Zarton nan ka ajiye shi tun yanzu. Dokar tarayya ta 1934 ta ce bututun shotgan kada ya gaza inci 18, tsawon bindigar gaba ɗaya kuma kada ya gaza inci 26. In ya gaza ko da ƙiris ne ba tare da ka yi rajista da hukumar ATF mai kula da harkar bindigogi tun kafin ka taɓa ba, laifi ne mai kai mutum ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 10, kai kuwa da ba ɗan ƙasa ba, bayan ɗaurin sai kora. Shi ya sa kamfanoni ke yin nasu inci 18 da rabi, su bar rabin inci na kariya. Wanda yake son gajeren bututu sai ya sayi gajere. A irin waɗannan bindigogi sauya bututu aikin minti biyu ne, murɗe noti ɗaya kawai ake yi.

Mai girin kad yana da damar saye kamar ɗan ƙasa. Shagon jingina da ke sayar da bindiga dila ne mai lasisin tarayya, zai ba ka fom mai lamba 4473, ka rubuta lambar katinka ta shige da fice a inda aka tanada, su aika sunanka ga hukumar bincike ta FBI a bincika. Galibi amsa kan zo kana tsaye. In suka ce a dakata, kada hankalinka ya tashi, irin sunayenmu sukan yi karo da na wasu, doka ta ba su kwana uku na aiki. Abin da nake jan kunnenka a kai shi ne ka karanta kowace tambaya a natse ka amsa gaskiya, domin ƙarya a wannan takarda ita kanta babban laifi ce. Masu karatu da ke kan bizar ɗalibi ko ta ziyara, ku hukuncinku daban ne, asali an hana ku sai da wasu 'yan togaciya, kada ku ɗauki maganata ga Baban Ilham ku yi aiki da ita.

Mutumin wurin aikinku kuwa, ka yi masa godiya ka wuce. Gaskiya ne a Texas mutum kan iya sayar wa mutum ba tare da bincike ba, amma bindigar da aka karya wa farashi haka, mai ita kuma yana gudun takarda, ka tambayi kanka daga ina ta fito. In ta sata ce, ranar da ɗan sanda ya karanta lambar jikinta kai za a tambaya. In ya matsa, ka ce masa ku je wurin dila a yi musayar a rubuce, kuɗin bai taka kara ya karya ba. Yadda zai amsa maka ya ishe ka sanin ko wane ne.

Yanzu dubawa. Ka tafi da ƙaramar tocila da farar takarda. Kafin komai ka sa mai shago ya buɗe ta, ka duba da ido, ka sa yatsa a ɗakin harsashi da bakin rumbun da ke ƙasan bututu, ka tabbatar ba komai. Ka roƙe shi ya cire bututun. Ka ɗora takardar a ƙarshensa, ka haska, ka leƙa ta ɗaya bakin. Ciki ya kamata ya yi sumul yana sheƙi kamar cikin sabuwar tasa. Datti ba komai ba ne, yana fita. Ramuka-ramuka na tsatsa su ne matsala. Sannan ka damƙi bututun ta waje ka shafo shi a hankali daga gindi zuwa baki, ido a rufe ma ya fi. In yatsunka suka ji ɗan kumburi kamar zobe, an taɓa harba ta da wani abu toshe a ciki, wannan bututu ya tashi aiki. Na taɓa kuɓuta daga irin wannan a wata kasuwar bindigogi, ido bai gani ba, tafin hannu ne ya gaya mini.

Daga nan ka duba ƙota a daidai inda ta haɗu da ƙarfe, nan take fara tsagewa. Ka ja hannun gaba sau goma, ka saurara, ya tafi ya dawo ba cijewa. In ka tura shi gaba ya kulle, ka gwada ja ba tare da ka danna sakin ba, kada ya buɗe. Ka sa sefti, wato maɓallin da ke tare kunama, ka nemi izini ka ja kunama bakin na kallon inda ba kowa, kada ta faɗa. Ka karanta rubutun jikin bututun, zai gaya maka ko harsashi mai inci 2¾ kaɗai take ci ko har mai inci 3. Ka kalli kawunan sukuru, in duk an cinye su to wani gwanin gida ya sha shiga cikinta. Lambar jiki kuma ta fito raɗau, in akwai alamar an goge ko an kankare, ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa.

Tsakanin biyun farko duk na ƙwarai ne. Ita 870 tun 1950 ake yin ta, an ƙera sama da miliyan 10, gangar jikinta ƙarfe ce, kayan gyaranta ko'ina akwai. Tsatsar waje da ka gani, da mai da ɗan goge-goge take fita, sai dai a laimar Houston dole ka riƙa shafa mata mai. Amma in ka saye ta 290 ka ƙara kuɗin gajeren bututu, ka haura 400. Mossberg ɗin ta riga ta zo da abin da kake nema. Bindigar masu gadi da ta 'yan sanda yawanci yawo ta sha a mota, ba harbi ba, shi ya sa za ka ga waje ya goge ciki kuwa garau. Seftinta a sama yake inda babban yatsa ke kaiwa, bahago da badama duk ɗaya. Ni ita zan ɗauka. Ka taya 220 da kuɗi a hannu, ka ce har da haraji, don harajin saye a Houston kashi 8.25 ne cikin ɗari. Shagon jingina ciniki ake yi kamar Kasuwar Kurmi, wanda ya biya farashin da ke jikin takarda shi ya so.

Ta ukun ka bar musu abarsu. Ranar da wani ɗan ƙarfe ya karye a cikinta ba za ka sami madadinsa ba.

Ɗan Jos, Dallas

Kawu, Allah ya ƙara girma, duk abin da kuka faɗa haka yake. Wuri ɗaya kawai zan ɗan saɓa. Mutumin da bai taɓa riƙe bindiga ba, anya zai gane kumburin bututu ko cijewar ƙarfe a tsaye a shago, mai kaya na kallonsa? Yaya Baban Ilham, ka duba Maverick 88. Ta gidan Mossberg ce, a Eagle Pass nan Texas ake haɗa ta, sabuwa dal a kwali ba ta cika wuce dala 250 ba, da garanti. Mai bututu inci 18 da rabi tana cin biyar a rumbu, ɗaya a ɗakin harsashi, kuma bututun Mossberg 500 yana shiga jikinta. Bambancin da za ka gani shi ne seftinta a gaban kunama yake. In ba za ka sami wanda ya sani ya raka ka ba, sabuwa ta fi maka kwanciyar hankali.

Maganar kayan ɗorawa kuwa, ni na bi wannan hanya har ƙarshenta, bari in rage maka asara. Tawa ta farko na ɗora mata duk abin da na gani a bidiyo: madubi mai jan ɗigo, mariƙin tsaye, ma'ajin harsashi na ƙarfe, ƙota mai naɗewa. Na kashe fiye da kuɗin bindigar. Da na je kwas na yini ɗaya, kafin azahar hannuna na hagu ya mutu saboda nauyi, sukurun ma'ajin ya kwance, harsasai suka zube a ƙasa. Wani dattijo kusa da ni da bindigarsa tsirara mai ƙotar katako bai yi kuskure ko ɗaya ba. Na dawo gida na kwance kusan komai.

Abin da na bari guda biyu ne, kuma su nake ganin dole. Na farko fitila. Ba don ka tsorata ɓarawo ba, don ka ga wanda ke gabanka. Yawancin motsin da za ka ji da dare a gidanka na mutanen gidanka ne, yarinya ta tashi shan ruwa, ko baƙo ya ɓata hanyar banɗaki. Ba a ɗora yatsa a kunama a kan inuwa. Akwai hannun gaba mai fitila a jikinsa, irin TL-Racker na Streamlight, akwai kuma maƙalli mai araha da za ka ɗaura tocila mai ƙarfi. Ko wanne ka saya ka gwada shi da harbi na gaske, don girgizar geji 12 tana kashe fitilar banza nan take. Kuma ka ajiye wata tocilar ta hannu daban, domin duk abin da ka haska da ta jikin bindiga, ka nuna shi da bakin bindiga ke nan.

Na biyu tsawon ƙota. Daga kunama zuwa ƙarshen gindi yawanci wajen inci 14 suke yi, an auna da dogon mutum mai harbin tsuntsu. A cikin gida wannan ya yi tsawo, balle ga Anti in ita ma za ta koya. Kamfanin Hogue suna da mai inci 12, kamfanin Magpul suna da SGA wadda ake ƙara mata ko a rage. In ƙota ta yi daidai da kai, shurin da take yi wa kafaɗa ma yana raguwa, kuma hannunka zai kai ƙarshen ja. Babban kuskuren sabon hannu shi ne ya ja rabi ya mayar saboda tsoro, sai ta cije. Irin wadda ba ta da ƙota sam, sai mariƙi kamar na fistol, kada ka kula ta, saiti da ita wahala ne.

Sai harsashi. Na tsuntsu ka saya da yawa don atisaye, yana da araha kuma ba ya dukan kafaɗa. Na ajiyewa a gida bokshot ne, mai manyan ƙwayoyi. Mai lamba 00 a tsawon inci 2¾ yakan zo da ƙwayar dalma 8 ko 9, ka nemi mai rangwamen shuri. Kada ka yarda da masu cewa shotgan ba ta son saiti. Ka auna lungu mafi tsawo a gidanka, da wuya ya wuce yadi 7 zuwa 10. A wannan tazara ƙwayoyin ba su gama rabuwa ba, wani harsashin faɗin tafin hannu kawai zai yi. Ka je filin koyon harbi da babban kwali, ka harba a daidai tazarar gidanka, ka ga abin da taka bindigar ke yi da idonka. Kuma ka sani bangon gidajen nan allon jibsam ne, ba bulo ba ne irin na gida. Duk ƙwayar da ta kuskure za ta huda bango ta huda na bayansa. Ka tsaya a ƙofar ɗakinka ka duba, bayan wane bango gadon yara yake, bayan wanne maƙwabci yake.

Maman Sadiq, Columbus

Malam Baban Ilham, sannu da wannan tashin hankali. Na karanta tambayarka sau biyu ina neman inda ka ce ka zauna da Maman Ilham kun yi maganar, ban gani ba. Kai ka ce kwana biyu ko uku ba ka gida. Ke nan ranar da abin da kake tsoro zai faru, Allah ya kiyaye, mai yiwuwa kana Laredo, ita ce a gidan da bindigar da yara uku. In ba ta yarda ba, ko tana tsoron taɓa ta, to me ka ajiye?

Ni ma'aikaciyar jinya ce, shekara goma sha ɗaya a sashen gaggawa. Ba zan ba da labarin kowa ba, amma na riƙe hannun uwar da ɗanta ya tsinci bindiga a saman kabad inda ake ganin ba zai kai ba. Yara suna kaiwa. Suna jan kujera, suna ɗora filo a kan kujera, kuma sun san duk maɓoyar gidan fiye da mu. Tun 2020 harbin bindiga ya zama abin da ya fi kashe yara da matasa 'yan shekara 1 zuwa 19 a ƙasar nan, ya wuce haɗarin mota. A 2021 mutum fiye da 48,000 suka mutu ta bindiga, fiye da rabinsu su suka kashe kansu. Mu ba ma son wannan magana, muna cewa Musulmi ba ya yi, amma baƙin ciki da ciwon damuwa ba sa tambayar addinin mutum, kuma zaman ƙasar nan da kaɗaicinsa kun san shi. Ilham shekararta tara yau, gobe budurwa ce.

Ban ce kada ka saya ba. Mijina yana da ita. Amma kafin ta shigo gidan sai da akwatinta ya riga ta shigowa, an ɗaure shi da bango, lambar buɗewa daga ni sai shi. Cikin dala 600 ɗin nan ka fara cire kuɗin makulli, abin da ya rage shi ne kuɗin bindiga. Akwai irin wanda ake kafawa a bango ya rungume tsakiyar bindigar, yana buɗewa da lamba cikin daƙiƙa biyu ko uku. A Texas ɗinku ma laifi ne a bar bindiga mai harsashi inda yaro ɗan ƙasa da shekara 17 zai kai gare ta.

Kuma ka koma kan abin da ka gani da idonka. Kai ka ce ƙusoshin ƙofar maƙwabcinka ba su kai gaɓar yatsa ba, kuma ƙararrawa ce ta kori mutanen. Ka duba naka yau ɗin nan. Sukuru mai inci 3 da zai shiga har cikin ginshiƙin bango, da faffaɗan ƙarfen makulli, da fitilar waje mai kamawa in ta ga motsi, duka ba za su ci maka dala 60 ba, kuma suna aiki ko kana gida ko kana hanya.

Kawu na Katy

Hajiya ta faɗi abin da ya kamata in fara da shi, Allah ya saka. Ɗan Jos, maganarka ta Maverick gaskiya ce, amma tunda Katy da Alief ba nisa, ni zan raka shi. Ɗana, ka turo mini saƙo mu sa rana.

Abu biyu zan ƙara. Irin waɗannan bindigogi ba a ajiye su da harsashi a ɗakin harsashinsu, don seftin kunama kawai yake tarewa, in ta faɗi da ƙarfi tana iya tashi. Rumbu a cike, ɗakin harsashi ba komai, tana cikin makullinta. In tsohuwar ta farauta ce kuma ka ga rumbun biyu kaɗai yake ci, ba lalacewa ta yi ba, wani guntun katako ne ko na roba ake sawa a ciki saboda dokar harbin tsuntsaye masu ƙaura da ta taƙaita harsashi zuwa uku.

Na biyu shi ne wanda ya fi damuna. In ka ji motsi, ba aikinka ba ne ka bi ɗaki-ɗaki kana neman ɓarawo. Ka tattara iyali a ɗaki ɗaya, ka kulle, ka tsaya inda kake ganin ƙofa, a kira lambar gaggawa 911, a bar layin a buɗe, ka ɗaga murya ka ce an kira 'yan sanda. Talabijin da mota ba su kai ran mutum ba, ko da ran ɓarawo ne, kuma ko doka ta wanke ka, za ka kwana da abin har ƙarshen rayuwarka. Ba kuma duk mai buga ƙofa ne ɓarawo ba. A Afrilun 2023 a Kansas City wani tsoho ya harbi Ralph Yarl, yaro ɗan shekara 16, don kawai ya yi kuskuren gida ya danna ƙararrawa yana neman ƙannensa. Sannan mu baƙaƙen fata ne, kada mu manta. A Oktoban 2019 a Fort Worth, Atatiana Jefferson tana cikin gida da ɗan 'yar'uwarta, ta ji motsi a bayan gida ta ɗauko bindigarta, ashe ɗan sanda ne, ya harbe ta ta taga. Don haka ka gaya wa mai amsa waya kamanninka da kayan da ke jikinka, in 'yan sanda sun iso kuma bindiga ta koma ƙasa, hannuwanka a buɗe inda za su gani.

Abba, Kano

Salam. Don Allah in mutum ya turo kuɗi, za a iya saya masa irin wannan a sako a cikin kwantena da kayan mota? Halin da ake ciki a ƙauyenmu sai addu'a.

Kawu na Katy

Abba, Allah ya kawo muku sauƙi, wallahi muna jin abin a ranmu, mu ma muna da 'yan'uwa a can. Amma a'a. Saya wa wani bindiga da sunanka laifi ne a nan da dokar 2022 ta kai hukuncinsa shekara 15, fitar da ita ba lasisi wani laifin ne daban, a Najeriya kuma na uku yana jira. Ka tuna guda 661 da kwastan suka kama a Legas a Janairun 2017, irin waɗannan ne. Duk wanda ya ce zai yi maka, zai jefa ka ne ya jefa kansa.

Baban Ilham, Houston

'Yan'uwa, na dawo da bayani, kuma na gode ƙwarai.

Hajiya, maganarki ta tsaya mini a rai, domin gaskiya ban gaya mata ba, niyyata sai na kawo. A daren na zaunar da ita. Ta yi shiru, sannan ta ce ita ma tun ranar ba ta barci in ba na nan, kujera take jinginawa a ƙofa. Sharaɗinta biyu: ba za ta shigo ba sai da makulli, kuma duk abin da zan koya tare za mu koya. Washegari na kwance sukurun ƙofarmu, irin na maƙwabcin ne sak. Na sauya na gaba da na baya da na gareji.

Kawu ya raka ni ranar Asabar, Allah ya saka masa da alheri. Ya sa aka cire bututun Mossberg ɗin, ya haska, ya miƙo mini ya ce in shafa da kaina in gaya masa abin da na ji. Ban ji komai ba, ya ce to haka ake so. Ya gano maɓallin seftin na roba ya tsage a gefe, ya nuna wa mai shago, da wannan muka sauko zuwa 235 har da haraji. Binciken sunana kuwa sai da aka ce in dakata, kamar yadda Kawu ya faɗa, ranar Talata suka kira ni. Makullin bango ya ci 130, na kafa shi a cikin kabad ɗin ɗakinmu tun kafin in ɗauko ta. Gajeriyar ƙota 70, sabon maɓallin sefti na ƙarfe 20, sauran ya tafi a harsashi da abin toshe kunne da kuɗin fili. Fitilar jiki sai albashi mai zuwa, kuma mun yi alkawari ba za a ɗura mata komai a gida ba sai fitilar ta zo kuma mun yi kwas.

A filin harbi na auna yadi 8, tsawon lungunmu ke nan daga ƙofar ɗaki zuwa falo. Harbin farko na bokshot na je na ɗora hannuna a kan kwalin, tafina ya rufe ramukan duka tara. Na daɗe a tsaye ina kallon wurin, don a gidanmu bayan wannan tazarar bangon ɗakin yara ne. Da muka koma mun juya gadajensu zuwa ɗaya gefen, mun kuma sauya inda za mu taru in wani abu ya faru.

Maman Ilham ta harba na tsuntsu guda goma. Uku na farko ta rufe ido, daga na huɗu ta daina. Ta ce kafaɗarta ta yi tsami kuma gaban bindigar ya yi mata nauyi, mai kula da filin ya ba ta aron geji 20 ta gwada, ta ce wannan ta fi zauna mata. Ɗan Jos, ko ka san inda ake yin kwas na yini ɗaya a Houston da mace ke koyarwa? Ta fi son haka, kuma Asabar ta biyu ga wata ce kaɗai ba na kan hanya.